Ra'ayinmu: A Bar Makaranta Ta Bi Garke

A wannan fitowa za mu taɓa zancen karatun gaba da firamare, wato kwaleji da lise, domin a nan ne 'ya'yanmu suke zubewa.

Kowa ya san yadda abin yake a Nijar. Yaro ya yi shekara 6 a makarantar bakin rijiya, sai a ce kwalejinsa tana Abalak, ko Dakwaro, ko Cintabaradan. Can sai an nemar masa mai masauki, a kai hatsi, a sayar da akuya. Shekara 4 kafin BEPC, wasu 3 kafin bak. Ga shi ana buɗe makaranta a Oktoba a rufe wajen Yuni, wato duk tsawon rani da bazara, lokacin da uba ya fi bukatar hannu wurin jan ruwa da neman ciyawa. 'Ya mace kuwa, wane uba ne zai bar ta gidan wanda bai sani ba? Sa'an nan a koma ana cewa makiyayi ba ya son boko.

To, yanzu ana ta zancen na'urorin zamani, kuma mu ma muna da namu hange. Salula ta riga ta shiga rugga, da ita muke jin farashin dabba da labarin inda ruwa ya sauka. Abin da ya ɗauki wannan zai ɗauki darasi. Muna hangen ranar da za a zuba karatun shekara guda cikin 'yar kwamfutar hannu wadda ba ta bukatar rezo, a ɗaura faifan hasken rana bisa jaki tare da sauran kaya. Yaro ya yi kiwo da safe, ya yi lissafi da hantsi ƙarƙashin adua. Ranar kasuwa ya gamu da malami, a duba aikinsa, a ƙara masa na gaba. Da damina, sa'ad da jama'a suka taru wajen Ingal lasar gishiri, a yi ajin gaske na 'yan makonni.

Amma kada murna ta ɗauke mu. Tun 1964 aka fara koyarwa ta talabijin a ƙasar nan, har daga waje ana yabo, amma ajujuwa kaɗan abin ya kai, daga baya tashar ta zama Télé Sahel. A 2020 da korona ta rufe makarantu, mai intanet a birni ya samu abin dubawa, ɗan rugga ya bi shanu. A 2025 Starlink ya shigo, sai dai kuɗinsa ba na mai akuya goma ba ne. Na'ura ba ta kai kanta daji, sai an kai ta da gangan, da malamin da ake biya, da mai gyara in ta lalace.

Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawo da dabbobi hakkinmu ne. Ba daidai ba ne a ba uba hakkin tafiya, a ce wa ɗansa in ya bi shi ya bar karatu. Mu ne kuma muke kwana ciki in aka zauna shari'ar burtali ko mashaya, takarda a gabanmu, ba namu ko ɗaya da zai karanta ta. Likitan dabbobi ma sai an aiko mana daga nesa.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar ilimi da abu uku: a yarda yaron da ya yi karatu ta wannan hanya ya zauna BEPC kamar kowa, a sa bayani da Fulatanci da Tamajak da Hausa cikin darussan, kuma a fara gwaji a yankin kiwo tare da shawarar ardo-ardo da iyaye mata. Wakilanmu na kowane yanki su rubuto mana yawan yaran da suka gama firamare bara suka koma rugga, kafin babban taro mai zuwa.