Wai Soja Mutuwa Ya Sa Wa Hannu?

Ina roƙon Edita ya ɗan ara mini fili, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa na ga gara in amayar da ita, wanda zai ji haushi ya ji. Kwanakin baya muna zaune a ofishin malamai an fita tara, hira ta gangaro kan yaƙin Iraƙi da yawan sojojin da suka hallaka a cikinsa, sai wani abokin aikina, mutum mai ilmi wanda nake ganin girmansa, ya kada baki ya ce: "Malam, kai ma dai da ɗora wa kai. Soja ai mutuwa ya sa wa hannu. In ya mutu, aikinsa ya yi." Aka yi dariya, kowa ya koma kan makin jarrabawa. Ni kuwa maganar ta ƙi barina, ba don baƙuwa ce ba, sai don ni ma na taɓa faɗinta da bakina.

A shekarar 2003 ina ɗalibi. Kullum bayan sallar isha'i mukan taru a teburin mai shayi, a kunna rediyo, a kasa kunne. In aka ce yau an kashe sojan Amurka huɗu a Bagadaza, sai majalisa ta kaure da sowa, kai ka ce ƙwallo aka jefa a raga. Haushinmu yana da dalili, domin mamayar zalunci ce, har gobe kuma ban sauya ra'ayi a kan haka ba. Amma ko sau ɗaya ba mu taɓa tambayar su wane ne mutum huɗun nan ba, ko wa ya tura su, ko me aka gaya musu kafin su tafi. Ashe a nan wurin mun yi tarayya da waɗanda suka haɗa yaƙin, su ma abin da suke so ke nan, a bar mamatan a matsayin lamba.

To, bari mu bi maganar sa hannun nan a tsanake. Duk wanda ya taɓa shiga yarjejeniya, ko ta hayar shago ce, ya san ɓangare biyu ne ke ɗaukar alkawari. Soja ya yarda zai ba da ransa, gaskiya ne. Ita kuma hukuma me ta ɗauka? Ta ɗauka cewa ba za ta kashe ran nan a banza ba, ba kuma za ta kashe shi a kan ƙarya ba. Ranar 5 ga Fabrairu, 2003, Sakataren Harkokin Wajen Amurka, Colin Powell, ya zauna gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ɗaga wata 'yar kwalba, ya tabbatar wa duniya cewa Saddam Husaini yana da makaman ƙare dangi. Ranar 20 ga Maris aka afka wa Iraƙi. A 2004 masu binciken da ita Amurkar ta tura suka gama dube-dubensu, suka ce babu tarin makaman. Shi kansa Powell a 2005 ya amsa cewa jawabin nan tabo ne a tarihinsa. A Ingila kuwa, kwamitin bincike na Chilcot ya fitar da rahoto a 2016, ya ce ƙasar ta shiga yaƙin tun ba a ƙure hanyoyin sulhu ba. Shin a wane layi na takardar ɗaukar soja aka rubuta cewa yaro ya yarda ya mutu a kan labarin ƙanzon kurege?

Ranar 1 ga Mayu, 2003, Shugaba George Bush ya sauka kan wani jirgin ruwan yaƙi, ya yi jawabi a ƙarƙashin ƙyallen da ke shelar an gama aiki. A ranar, sojan Amurka da suka mutu ba su kai 150 ba. Kafin su kwashe nasu-ya-nasu a Disamba 2011, adadin ya doshi 4,500, waɗanda suka jikkata kuma kimanin 32,000. Ingila ta rasa 179. Wato kusan dukkan mamatan sun mutu ne bayan an ce an gama.

Kuma ba a tsaya nan ba wajen saɓa alkawari. Rundunar tana da wata doka da ke ba ta damar riƙe soja ko da wa'adin da ya sa wa hannu ya cika, an kuwa yi amfani da ita a kan dubban mutane. A 2007 aka tsawaita zaman sojan ƙasa a fagen daga daga wata 12 zuwa wata 15. A Disamba 2004, a wani sansani a Kuwait, wani ƙaramin soja ya miƙe gaban Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld ya tambaye shi, don me suke tonon juji suna neman ruɓaɓɓun ƙarafa da za su liƙa wa motocinsu don kare kai? Amsar da ya samu ita ce, ana tafiya yaƙi da rundunar da ake da ita ne, ba wadda ake fata ba. Jama'a, wannan amsa ta wanda aka kai wa hari ba shiri ce. Wanda ya zaɓi ranar yaƙi da kansa ba shi da bakin faɗinta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. In da gaske mutuwar soja ba komai ba ce, don me ake ɓoye ta? Gawarwakin sojan Amurka a sansanin jiragen sama na Dover ake sauke su, tun 1991 kuma aka hana 'yan jarida ɗaukar hoton akwatunan, ba a ɗage hanin ba sai 2009. A Afrilu 2004 wata mata mai aikin lodin kaya a Kuwait ta ɗauki hoton akwatunan jere cikin jirgi, kowanne lulluɓe da tuta, wata jaridar birnin Seattle ta buga, aka kore ta daga aiki. A ƙarshen watan nan dai, ɗan jarida Ted Koppel ya keɓe shirinsa na talabijin bai yi komai ba sai karanta sunayen mamata sama da 700 tare da nuna hotunansu, wani kamfani mai tashoshi da yawa ya hana a nuna shirin a tashoshinsa, wai siyasa ce. Sunaye kawai fa! Masu mulki sun san abin da abokin aikina bai lura da shi ba: ana iya jure jin 700, amma da wuya a jure kallon fuska 700 ɗaya bayan ɗaya.

Ga misali biyu daga cikin fuskokin. Jose Gutierrez maraya ne daga Gwatamala, ya shiga Amurka yana neman abin kai wa baka, ya shiga soja, yana cikin na farkon da suka mutu a Maris 2003. Sai bayan ransa aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Casey Sheehan kuwa shekararsa 24 aka kashe shi a Bagadaza a Afrilu 2004. A Agusta 2005 mahaifiyarsa, Cindy, ta kafa tanti a bakin hanyar gonar Bush a jihar Texas, tana neman ya fito ya gaya mata a kan wace manufa ɗanta ya mutu. Bai fito ba. Ina so in ga mai ƙarfin halin da zai dubi idon matar nan ya ce mata ɗanki ai shi ya sa hannu.

Waɗanda suka koma gida da rai ma, da yawansu yaƙin ya bi su har ɗaki. Yawancin ɓarnar nakiyoyin gefen hanya ne suka yi ta, masu tsinke ƙafa su girgiza ƙwaƙwalwa. A 2007 jaridar Washington Post ta bankaɗo yadda aka jibge sojoji masu jinya a wani gini na babban asibitin soja na Walter Reed, cikin ɓeraye da kyankyasai da bango mai funfuna. Wani nazari da aka yi ƙarƙashin Jami'ar Brown a 2021 ya ƙiyasta cewa sojoji da tsofaffin sojojin yaƙe-yaƙen bayan 2001 da suka kashe kansu sun haura 30,000, alhali waɗanda aka kashe a fagen daga kimanin 7,000 ne. Waɗannan ba sa cikin lissafin da muke wa sowa a teburin mai shayi.

Na san abin da wani zai ce: Malam ya zauna yana kukan mai mamaya, ya manta da wanda aka mamaye. Ban manta ba, nan ma na nufa. Ban wanke kowa ba. A garin Hadisa, a Nuwamba 2005, sojan Amurka sun kashe fararen hula 24, har da mata da ƙananan yara, aka kuma ƙare shari'a ba wanda ya yi zaman kurkuku a kai. Amma ku lura, zuciyar da ta saba ganin ran ɗanta a matsayin kayan aiki, me za ta ɗauki ran baƙo? Tun a 2002, game da Afganistan, Janar Tommy Franks ya gaya wa 'yan jarida cewa su ba sa ƙidayar gawa. Shi ya sa mamatan Amurka an san su ɗaya-ɗaya, da suna da shekaru da garin haihuwa, na Iraƙi kuwa har yau gardama ake. Ƙungiyar Iraq Body Count, mai tattara mutuwar da aka samu shaidarta a rubuce, ta lissafa fararen hula sama da 100,000 tsakanin 2003 da 2011. Binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2006 ya ƙiyasta kimanin 655,000. Ratar da ke tsakanin lambobin nan biyu ta kai yawan mutanen babban birni. Su kuma waɗannan wace takarda suka sa wa hannu?

Waɗanda suka sa hannun na gaskiya, wato kan umarnin yaƙi, lafiyarsu ƙalau. Bush ya yi ritaya ya koma zanen hotuna, har da na sojojin da suka naƙasa a yaƙe-yaƙensa, aka buga littafi a 2017. Tony Blair kuwa an naɗa masa babbar lambar girma ta masarautar Ingila a 2022.

Kada kuma mu ɗauka abin na can ne kawai. A Agusta 1990, zamanin Janar Babangida, sojojinmu sun sauka Monrobiya ƙarƙashin rundunar ECOMOG, daga baya suka shiga Saliyo. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ce aikin ya ci wa Nijeriya kimanin dala biliyan 8 da rayukan sojoji aƙalla 500. Kuɗin mun riƙe shi, ana ta maimaita shi a jawabai. Mutanen fa? A cikinmu nan, mu da muke taƙama da alƙalami, wa zai iya kawo sunan biyar daga cikinsu, alhali wasunsu 'ya'yan unguwanninmu ne, matansu sun yi takaba a bayan gidajenmu? Da wannan maganar ta sa hannu muka sallame su, muka shiga wata hira.

Na gaya wa abokin aikin nawa cewa zan rubuta wannan, ya ce in rubuta, shi ma yana da biro. Ina roƙon Edita ya tanadar masa shafi a fitowa ta gaba.