Shaɗaranji da dattawan unguwa: a daina saurin yanke hukunci



A nan Omdurman da Khartoum, bayan la'asar, akwai dattawan da ke zama a nadi, ga shayi ga allon shaɗaranji. Wasu daga cikinmu in sun wuce su ko sallama ba sa yi, wai ai fasiƙai ne. Mu a ganinmu wannan kuskure ne, kuma littafin da ke hannunmu ma bai ce haka ba.

Gaskiya ne Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana wasan, ta kuma karhanta zama wurin masu yinsa. Amma a wannan babin dai ta halatta yi musu sallama. To wanda ya riƙe rabin maganar ya saki rabi, wa yake bi? Ga Imam Shafi'i kuma makaruhi ne kawai, muddin babu caca, babu alfasha, kuma bai sa an jinkirta salla ba. Saɓani ne tsakanin manyan malamai, ya jama'a, mu kuwa ko Risalar ba mu sauke ba.

Wasan kansa ba na wawaye ba ne. Su As-Suli sun shahara da shi a fadar Abbasiyawa a Bagadaza. Akwai wata buɗewa da ake kira gambit: mutum ya ba da soja ɗaya kyauta tun farko don manyan dakarunsa su samu hanya da wuri. A 1960, a gasar Mar del Plata ta Ajantina, Spassky ya yi wa Fischer irin wannan kyauta a motsi na biyu, Fischer ya karɓa, ƙarshenta Spassky ya ci shi. Shekarun Fischer 17 a lokacin, sa'anmu ke nan. Ya koma ya yi ta nazari, a 1961 ya fitar da maƙala kan yadda za a karya wannan buɗewa. Wallahi da muna bin darasin nahawun da ya kayar da mu da irin wannan naci, da tuni Alfiyya ta zauna.

Inda muke da magana da dattawan shi ne magariba. Wasa ya yi zafi, ladan ya kira, sai a ji "saura motsi ɗaya". A nan ko Shafi'i ba ya tare da su. Muna roƙon malamanmu su ware zama guda a karanta wannan babi da sharhinsa, a gayyaci dattawan su zo su ji tare da mu.