Kada A Cike Ramukan Duka

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, ina so in kawo muku wata magana wadda ta daɗe tana cin raina, ko da ya ke na san wasunku za su ce ba ta shafi aikin koyarwa ba. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, sa'an nan kowa ya yanke nasa hukunci.

Bara, lokacin da ɗalibanmu suka fita gwajin koyarwa, an tura ni duba waɗansu daga cikinsu a wani ƙauye na nan yankin Abuja. Da na shiga aji biyar sai na tarar kujeru da yawa ba kowa. Na tambaya, aka ce yaran suna rafi wajen wankin zinariya. Da aka tashi sai na roƙi wani dattijo ya raka ni. Muka tarar da su tsamo-tsamo cikin taɓo, kowa da tasarsa yana jujjuyawa. Can gaba kaɗan kuwa ga waɗansu tsofaffin ramuka da tudun tsakuwa, ciyawa ta rufe su. Dattijon ya ce tun yana yaro ya tashi ya gan su haka, kuma ubansa ya yi lebura a irinsu zamanin Turawa. Na tambayi yaran ko sun san wanda ya haƙa su, ko me ya samu, ko ina ya ƙare. Ko ɗaya bai sani ba. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Ga darasi shimfiɗe a gabansu, amma ba wanda ya taɓa karanta musu shi.

Ra'ayina shi ne a zaɓi wuri guda daga cikin irin waɗannan tsofaffin wuraren wankin ma'adini, a kewaye shi, a tsare shi yadda ya ke, ya zama wurin tarihi da za a riƙa kai 'yan makaranta. Sauran a cike su a mayar gonaki, amma a bar guda.

Kada wani ya zaci ni na ƙago wannan dabara. A ƙasar Sifen akwai wani wuri ana ce da shi Las Medulas, inda Rumawa suka nemi zinariya wajen shekara dubu biyu da suka wuce. Sukan jawo ruwa daga duwatsu ta magudanai masu tsawon gaske, su tara shi, sa'an nan su sake shi cikin ramukan da suka huda a jikin tudu, har tudun ya rushe, su wanke ƙasar. Yau jajayen tsaunukan da suka rage suna nan, kuma a 1997 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya. A Kalifoniya ta Amurka akwai Malakoff Diggins, inda aka riƙa feshin tuddai da ruwa mai ƙarfi, laka ta gangara ta binne gonakin mutanen kwari. Manoma suka kai ƙara, a 1884 alƙali Lorenzo Sawyer ya hana zubar da lakar cikin koguna. Wurin yanzu hukuma ke tsaronsa, jama'a na zuwa kallo. Haka kuma a Bannockburn ta ƙasar Niyu Zilan, inda aka fara neman zinariya cikin shekarun 1860. Mutanen nan ba don suna alfahari da ɓarna suka bar wuraren ba. Sun bar su ne don 'ya'yansu su gani da idonsu abin da neman dukiya ya yi wa ƙasa, gani kuwa ya kori ji.

To, mu fa? Mu ma muna da namu labari. An fara fitar da zinariya a Nijeriya ta hannun kamfanoni wajen 1913, aikin ya bunƙasa cikin shekarun 1930, musamman a ƙasar Minna da Birnin Gwari, maƙwabtanmu ke nan. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo sai aka juya wajen kuza, domin ita Ingila ke bukata. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ɗiban gwamna, watau aka riƙa kwaso talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos ala tilas, da yawa kuwa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a can. Waɗannan kakanninmu ne. Sunayensu ba su cikin littattafan da mu ke koyarwa da su, abin da suka bari kawai shi ne ramukan. In an cike su duka, an shafe sawunsu ke nan.

Akwai kuma wani abin lura. Masu wankin kuza ne suka fara tono gumakan yumɓu na Nok a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kai na yumɓu daga Jama'a, wanda wani ya kafa a gonarsa ta doya don korar ɓarna. Daga nan aka gane akwai wata tsohuwar al'umma mai gwaninta a ƙasar nan, har aka buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952. Cikin shekarun 1960 shi Fagg ɗin ya yi tono a Taruga, kusa da Takushara, kudu maso gabas da birnin Abuja, ya sami matoyan narka tama waɗanda suka haura shekara dubu biyu. Ashe ƙasar da mu ke takawa kullum ta san aikin ma'adini tun kafin Bature ya san hanyar zuwa nan. Ɗalibanmu nawa ne suka taɓa jin sunan Taruga?

Na san akwai masu suka, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko za su ce ramukan nan haɗari ne, yara da dabbobi na faɗawa, ga sauro da damina. Gaskiya ne. Amma ramin da ke cin rai shi ne wanda aka yasar ba mai kula. Wanda aka yi wa shinge, aka janye ruwansa, aka sa masa mai gadi, ya fi wanda mu ke da shi yanzu aminci nesa ba kusa ba.

Na biyu za su ce kai yara irin wurin nan zai ƙara musu kwaɗayin zinariya su gudu daga aji. Ni kuwa na ce ai sun riga sun gudu, da idona na gani. Abin da ba su sani ba shi ne ƙarshen labarin. A 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma, domin ana niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje, ƙurar tana shiga abinci da ruwan sha. A 2015 irin wannan ta sāke faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Malamin da ya tsaya da yara a bakin tsohon rami ya ba su wannan labari, ya fi wanda ya rubuta shi a allo samun kunnensu.

Na uku za su ce ina kuɗin? Ba gini na ke nema ba. Shinge ne, da 'yar hanyar ƙafa, da alluna biyu ko uku da aka rubuta bayani da Hausa da Gwari da Turanci. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da ikon ayyana wuri ya zama abin tsarewa. Namu shi ne mu nuna mata wurin, da yardar hakimi da masu gonakin.

Ku dubi kuma amfanin da malami zai samu. Ga darasin kimiyya: zinariya ta fi ruwa nauyi wajen sau 19, yashi kuwa bai kai sau 3 ba, shi ya sa in an zuba ƙasa a kan katakon da aka jingina, aka shimfiɗa masa buhu, aka kwarara ruwa, yashi ya kan wuce, ita ta kwanta. Ga darasin labarin ƙasa: yadda ruwa ke cin ƙasa in an tuɓe mata ciyawa. Ga tarihi, ga kiwon lafiya, duk a fili guda, da tafiyar yini ɗaya.

Saboda haka ga roƙona. Kowane ɗalibi da za a tura gwajin koyarwa bana, ya tafi da littafin rubutu na musamman. In akwai tsohon wurin haƙa a ƙauyen, ya je tare da wani babba, kada ya shiga ramin, ya zana taswirarsa, ya nemi tsofaffi cikin ladabi su gaya masa abin da suka ji daga iyayensu: wa ya yi aikin, nawa a ke biya, me ya sa aka daina. In sun komo mu tara littattafan a laburaren kwaleji, mu zaɓi wurin da ya fi dacewa, mu rubuta wa hukuma. A yi da hanzari, domin birni yana ta cin daji, tsofaffin nan kuma ba za su jira mu ba. Dattijon da ya raka ni rafi ya rasu da kakar nan, ban kuwa rubuta ko rabin abin da ya gaya mini ba.

Wanda ke da wani ra'ayi dabam, shafin nan a buɗe ya ke, ya rubuto mu ji. Allah ya sa mu dace, amin.