Gajiyar Da Barci Ba Ya Kore Ta: A Daina Kiran Marasa Lafiya Malalata

Duk wanda ya saba cin kasuwannin kan iyaka, daga Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Maigatari ranar Alhamis, ya san babu kalmar da ta fi yawo a bakin mutane kamar gajiya. Da ita ma muke gaisuwa. Kuma akwai abin gajiyar: mutum ya baro gida da asuba bisa buhuna, ya yini a rana yana ciniki, ya tsaya shinge bayan shinge kafin ya koma gida. Irin wannan gajiya kowa ya san maganinta, wato ruwan zafi, tuwo da barci. Gari na wayewa sai mutum ya tashi garau.

To amma akwai wata gajiya da ba ta jin wannan magani, akwai kuma wani ciwon jiki da ke bin mutum wata da watanni ba tare da kumburi ko rauni ba. A kansu muke son yin magana yau, domin suna cinye jarin bayin Allah da mutuncinsu a ɓoye, alhali kasuwa na yi musu kallon malalata.

Ta farko ita ce cutar gajiya mai naci, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan ME/CFS. Ba sabuwa ba ce. A shekarar 1955 ta kwantar da ma'aikata kusan 300 a asibitin Royal Free da ke birnin Landan, har sai da aka rufe asibitin na wasu watanni. Tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Masu cewa ciwon Turawa ne, ciwon waɗanda suka ƙoshi, su sani cewa wani bincike da aka buga a 2007 ya same ta a Najeriya, wajen mutum 7 cikin 1,000 na waɗanda aka bincika. Sau da yawa takan biyo bayan wata rashin lafiya mai zazzaɓi: mutum ya warke daga zazzaɓin, amma ƙarfinsa ya ƙi dawowa. Tun daga annobar korona ta 2020 likitoci a ƙasashe da dama sun ga ƙaruwar masu irin wannan hali.

Babbar alamarta, wadda ta raba ta da gajiyar kowa da kowa, ita ce yadda jiki ke ramuwa bayan aiki. Ɗan kasuwa zai ji dama-dama ranar kasuwa, ya daure ya fita, ya ɗaga 'yan kwalaye, ya yi lissafi da dillalai. A ranar ba zai ji komai sosai ba. Sai bayan sa'o'i 12 zuwa 48 abin ya faɗo masa: jiki ya mutu, kai ya yi nauyi, maƙogwaro ya yi zafi, ya kwanta kwana uku ko mako guda kamar wanda aka yi wa duka. Wannan jinkiri shi ne ke sa a ƙaryata shi, domin mutane za su ce ai jiya mun gan shi a rumfa yana dariya. Ba aikin ƙarfi kaɗai ke jawo haka ba, dogon lissafi, hayaniyar tasha ko ɓacin rai ma suna jawowa.

Ban da wannan, barci ba ya wartsake mai cutar. Ko ya yi sa'a goma zai tashi kamar bai runtsa ba. Tunani yakan yi hazo, mutumin da a da yake juya sefa zuwa naira da ka kafin ɗan canji ya taɓa na'ura, sai ga shi yana manta wa ya ba bashi da safe. Wasu kuma in suka daɗe a tsaye, a layin kwastan ko a sahu, sai jiri da bugun zuciya su kama su, sai sun zauna ko sun kwanta su samu sauƙi. Wani kwamitin masana a Amurka a 2015 ya ce in waɗannan alamu suka wuce wata 6 kuma suka rage wa mutum aikin da ya saba yi ƙwarai, a yi zargin cutar. A Ingila tun 2021 wata 3 ake jira. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu ita sukan kai matsayin da ba sa iya fita daga gida ko tashi daga gado.

Ta biyu ita ce fibromayaljiya, ciwon jiki mai yawo. A nan zafi ne a gaba. Mai ita zai ce maka ko'ina ciwo yake: wuya, kafaɗu, baya, ƙugu, cinyoyi, dama da hagu, sama da ƙasa, fiye da wata 3. Yau ya fi a nan, gobe ya koma can. Taɓawar da wani ba zai ji ba, shi zai ji ta kamar an danna masa ƙarfe. Da safe jiki a sandare, ga barci marar daɗi, ga ciwon kai, ga ciki mai kumburi da sauyin bayan gida, ga mantuwa. A gwada jini, a ɗauki hoton ƙashi, a ce ba a ga komai ba. Dalili kuwa shi ne matsalar ba a gaɓoɓi take ba, a hanyar da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙon zafi take. Mu da muke aikin rediyo mun san abin da ke faruwa in aka murɗa ƙarar na'ura har ƙarshe: ɗan motsin takarda sai ya zama tsawa. Haka jikin mai wannan ciwo yake. Ana ƙiyasta tana kama mutum 2 zuwa 4 cikin 100, kuma mata sun fi yawa a cikin waɗanda ake ganowa. A 1990 likitocin gaɓoɓi na Amurka sun kafa ƙa'idar danna wurare 18 a jiki, in 11 suka yi zafi a ce ita ce. Tun 2010 an bar dogaro da wannan, yanzu yawan sassan da ke ciwo da sauran alamu ake dubawa.

Cututtukan biyu suna kama da juna, wani ma yakan haɗa su duka, amma sanin bambancinsu na da muhimmanci, domin abin da ke taimakon ɗaya yana iya kayar da ɗayan. Mai fibromayaljiya yakan amfana da motsa jiki a hankali, tafiya kaɗan kullum ana ƙarawa sannu sannu, da gyara lokacin barci. Mai gajiya mai naci kuwa in aka tilasta masa ƙara aiki kullum wai don jiki ya saba, ƙara kwantar da shi za a yi. Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye wannan shawara a 2021. Abin da ya dace da shi ɗan kasuwa zai fi kowa ganewa. Ƙarfin jikinsa jari ne ƙarami. In ya ci riba kaɗai ya bar uwar kuɗi, gobe zai buɗe rumfa. In ya zarce, bashi ya ci, kuma jiki mai bin bashi ne da ba ya jin magiya. Ya raba aiki gida-gida, ya huta tun kafin ya gaji, ya zauna a inda zai iya zama maimakon tsayuwa, kada ranar da ya ji sauƙi ta ruɗe shi ya yi aikin kwana uku.

Har yanzu babu gwajin jini guda da ke nuna ɗaya daga cikin cututtukan nan, babu kuma maganin da ke warkar da su gaba ɗaya. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma gara a faɗe ta da a bar mutane hannun masu lasifika a bayan mota da ke rantsuwa cewa kwalba ɗaya ta ishe su. Kuma kada wani ya karanta wannan shafi ya yanke wa kansa hukunci. A yankinmu akwai abubuwa da dama da ke kawo doguwar gajiya waɗanda ake iya ganowa a kuma yi maganinsu: ƙarancin jini, ciwon sukari, matsalar maƙoƙo, ciwon hanta, tarin fuka, cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon ƙoda, da damuwa mai tsanani. Fataken dabbobi, mahauta da masu shan madarar da ba a tafasa ba su tuna wa likita da cutar burusela da ake ɗauka daga shanu, awaki da raƙuma, mai kawo zazzaɓi yana zuwa yana tafiya da ciwon gaɓoɓi. Masu zirga-zirga gabas kuma su san cewa zazzaɓin cikungunya, wanda ya ɓarke a Kassala ta Sudan a 2018 da Abeche ta Chadi a 2020, yakan bar ciwon gaɓoɓi na watanni. Sai an kawar da irin waɗannan kafin a ce gajiya mai naci ce ko fibromayaljiya.

Abin da ke faruwa a zahiri kuwa daban ne. Mutum ya je ɗakin gwaji, a ce taifot da maleriya. Ya sha magani, ba sauƙi, ya koma, a sake cewa taifot. Likitoci da kansu sun san gwajin Widal da ake yawan yi ba abin dogaro ba ne a ƙasashe irin namu, domin yakan nuna alama ko ga mai lafiya. Haka mutum zai sha allurai da ƙarin ruwa sau huɗu sau biyar a shekara, jari na zurarewa. Daga nan sai a koma cewa sammu ne, abokin gaba a kasuwa ne ko kishiya. Ba mu hana kowa addu'a ba, amma zargin maƙwabcin rumfa bai taɓa sauke wa kowa ciwon kafaɗa ba, sai dai ya raba zumunci.

Tasha ta ƙarshe, kuma mafi haɗari, ita ce tiren mai magani. A nan dole mu yi magana da 'yan uwanmu kai tsaye, domin masu sayarwa da masu saye duk a kasuwa ɗaya suke. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen ba su cika yi wa fibromayaljiya komai ba, tunda ba kumburi ba ne, amma shan su kullum yana ƙwaƙule ciki yana lalata ƙoda. Haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna, sau da yawa da deksametazon a ciki, yakan ba da sauƙin kwana biyu sannan ya bar mutum da kumburin fuska, hawan jini da sukari. Sai uban tafiyar, tiramol. Wanda likita ke rubutawa mai miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ke yawo a kan iyaka yakan kai 225 ko 250. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magungunan kashe zafi ba bisa ƙa'ida ba cikin shekara guda, akasari tiramol. Ba duka ne 'yan shaye-shaye ba tun farko. Akwai waɗanda ciwo ne ya kai su. Ga mai gajiya mai naci, ƙwayar takan rufe masa ƙararrawar jiki ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa, faɗuwar da za ta biyo baya ta fi muni. Akwai magungunan da likita kan gwada wa mai fibromayaljiya, kamar amitiriftilin kaɗan da dare, amma haɗa shi da tiramol na iya jawo farfaɗiya. Don haka duk wanda ke shan tiramol ya gaya wa likita gaskiya, kuma kada ya yanke shi dare ɗaya ba tare da shawara ba.

Ga iyayen gida, alhazai masu yara a shago da masu motoci: yaron da ya yi maka shekara bakwai ba ka taɓa kama shi da ha'inci ba, in ya fara kwanciya bayan kowace kasuwa, kafin ka ce ya lalace ko ya fara shaye-shaye, ka kai shi a duba shi. In ciwon ne, mayar da shi kan kujera ya riƙe littafi ko ya tsare rumfa rabin yini ya fi korarsa, kai ma ka san samun amintacce ya fi samun mai ƙarfi wuya. Magidanta kuma su ji tsoron Allah game da matansu. Mace ce ke daka, ɗiban ruwa, goyo, ga ƙullin kayan sana'a, in ta ce jikinta duka ciwo yake sai a ce raki ne ko neman a kai ta gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hajiyoyin da ke shugabantar adashi su ma suna iya sassauta wa irin waɗannan mata zubi a watan da ciwo ya tashi.

Muna kira ga ma'aikatun lafiya na ɓangarorin iyaka biyu da su sanya waɗannan cututtuka cikin horon da ake ba malaman asibiti na karkara, domin su ne mutum ke fara gani, kuma kalmar "ba ka da komai" daga bakinsu ita ke tura shi wurin mai tire. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwa, waɗanda ke iya tara kuɗi cikin yini ɗaya in gobara ta tashi, ba zai gagare su gayyato likita ranar kasuwa sau ɗaya a wata ba, ko su yi wa masu sayar da magani a rumfunansu iyaka.

Wanda kuma ya ga kansa cikin abin da muka bayyana, ya samu ɗan littafi irin na bashi, ya riƙa rubuta aikin da ya yi kowace rana, yadda ya kwana, inda ke ciwo, da ranar da jiki ya faɗi, na tsawon mako huɗu. Ya tafi da shi asibiti tare da kwalayen duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Amma in akwai rama, zufar dare, tarin da ya wuce mako biyu, zazzaɓin da ba ya sauka, kumburin gaɓoɓi ko idanu sun yi rawaya, kada ya tsaya rubutu, ya tafi a wannan makon. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, a Nijar da Najeriya duka.