A Duba Wayar Jirgi Tun Yana Ƙasa

Mu a nan Ruwan Gizo jirgin sama sai dai mu ɗaga kai mu hango shi. Wataƙila mai karatu ya ce, to ina ruwanmu da ƙananan jiragen da gwamnoni da attajirai ke hawa? Jama'ar Gwammaja a Kano za su ba shi amsa. Ran 4 ga Mayu 2002 jirgin EAS ya faɗa kan gidajensu, mutane da dama suka mutu a cikin ɗakunansu, alhali ba su sayi tikiti ba. Lafiyar jirgi ta shafi na sama da na ƙasa.

Abin da muke so mu jawo hankali a kai shi ne wayoyin wutar gaggawa. Jirgi na samun lantarki daga janareto da injinansa ke juyawa. Idan suka tsaya, sai a koma ga batir, wasu jiragen kuma suna da 'yar farfela da ke fitowa waje, iska ta juya ta, ta ba da wutar da matuƙi zai ga na'urorinsa ya sauka. Duk wannan ta waya yake bi. Matsalar ita ce, wayar nan takan yi shekaru ba a bukace ta ba. Damshi na cin mahaɗarta, girgiza na goge rigarta, ba wanda ya sani. Kowa ya san janareton da aka ajiye don ranar biki, aka ja igiya ya ƙi tashi. A ƙasa abin dariya ne. A sama ba wurin tsayawa a gyara.

Duniya ta koyi darasin waya da tsada. Ran 17 ga Yuli 1996 jirgin TWA ya fashe bayan tashi daga New York, mutum 230 suka mutu. Masu bincike sun fi kyautata zaton wuta ce ta bi lalatacciyar waya ta shiga tankin mai. Ran 2 ga Satumba 1998 gobara da ta tashi daga wayoyi ta jefa jirgin Swissair cikin teku a gaɓar Kanada da mutum 229. A 2007 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta a riƙa duba wayoyin manyan jirage a matsayin sashe mai zaman kansa.

Mu ma muna da namu tabon. Ran 11 ga Yuli 1991 jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato, jiharmu a lokacin, ya kama wuta, duka mutum 261 suka rasu. Ba waya ba ce, tayoyi ne da ba su da isasshiyar iska. An san da haka, amma aka ƙi jinkirta tafiya. Wannan halin na gaggawa shi muke tsoro.

A jirgin mutum ɗaya hatsarin ya fi, domin mai jirgin shi ne mai biyan albashi. Wane injiniya ne zai ce wa maigida yau ba tafiya? Wasu za su ce ajiye jirgi da odar waya daga waje asara ce. Gaskiya ne, amma wanda ya iya sayen doki bai kamata linzami ya gagare shi ba.

Saboda haka muna kira ga hukumar NCAA, idan masu ƙera jirgi suka ba da umurnin a duba ko a sauya waya, ta tabbatar an yi cikin wa'adi, ta je ta gani da ido, ko jirgin na gwamna ne, ko na ɗan kasuwa, ko na shugaban addini. Masu jirage su bar injiniyoyi su yi aikinsu. Injiniyoyi kuma kada su sa hannu a kan abin da ba su duba ba, gama sa hannun nan shaida ce a kan rayukan mutane.

Allah ya kiyaye matafiya, ya kiyaye na gida.