Wa Ke Riƙe da Jakar Kuɗin Ikilisiya?

Ya 'yan'uwa talakawan Adar! Yau maganarmu tana kan 'yan ƙasarmu Kirista. Kada wani ya ce ina ruwan jam'iyya da sha'anin ibada. Ba ibada muke tuhuma ba. Jakar kuɗi muke tuhuma.

Turawan Mishan na S.I.M. sun sauka Damagaram a 1924, suka zauna Tsibiri, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Ba mu musun alheri. Mutanen Barmu da Tawa da yawa sun tafi Galmi a kwance sun komo da ƙafafunsu. Amma a tambaya: wa ya riƙe mabuɗi? Kuɗi daga Amurka da Kanada, likita daga can, shawara daga can. Ɗan ƙasa kuwa aikinsa wa'azi a ƙauye da share tsakar gida.

Abin da ya fi ci mani rai, ni mai koyar da yara, shi ne zancen lakkwal. Shekaru da yawa Mishan tana koya wa mabiyanta karatun Hausa don su karanta Littafi, tana jan ƙafa wajen ilmin Faransanci mai kai yaro ga zama likita ko akawu. Ka hana mutum ilmin lissafi, sa'an nan ka ce bai isa riƙon asusu ba! Wannan dabara mun san ta tun zamanin kwamandan.

An sauke tutar Faransa a 1960, ikilisiyar 'yan ƙasa ta sami suna nata. Suna ba rumbu ba ne. Fasto wanda albashinsa ke ƙetaro teku, in zai yi magana sai ya dubi fuskar mai aikowa tukuna. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A 1971 wani fasto ɗan Kenya, John Gatu, ya ce a tsai da aiko 'yan Mishan da kuɗinsu shekara biyar, a ga ko ikilisiyar Afirka za ta tsaya da ƙafarta. Taron ikilisiyoyin Afirka a Lusaka ya goyi bayansa a 1974. Aka yi ta yi masa ca, har da wasu baƙaƙe masu tsoron yunwa.

To, Kiristan Nijar, ku da ke noman albasa a Galmi kuna cika motoci zuwa Abijan, dammen gero nawa ke ciyar da fasto guda a shekara? Ku zauna ku ƙirga, ku ɗora wa kanku. Kuma duk kyautar da ta zo daga waje, a karanta lissafinta a gaban jama'a ranar Lahadi, da Hausa.