Dokar Kare Yara a Jihar Sakkwato: Wa Zai Kai Ƙara?

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2021 ne Gwamnan Jihar Sakkwato na wancan lokaci, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, ya sa hannu a kan Dokar Kare Yara, tare da dokar hana cin zarafin mutane. Wannan ya zo ne shekara 18 bayan Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ba ta aiki a cikin jiha sai majalisar dokokin jihar ta amince da ita.

To, amma kotu ba ta shari'ar abin da ba a kawo gabanta ba. Yaron da aka ci wa zarafi kuwa ba shi da bakin kai ƙara, sai wani babba ya tsaya masa. Saboda haka ne Amurka, a dokarta ta 1974, ta gindaya wa jihohi sharaɗin tanadin hanyar ba da rahoto kafin su sami taimakon kuɗi, har ya zama tilas ga malamai da likitoci su sanar da hukuma.

A gabashin Jihar Sakkwato al'amarin ya fi tsanani. Harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a ƙasar Rabah cikin 2018 ya kori jama'a zuwa Gandi, kuma a watan Oktoba na 2021 aka kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo. Yaran da suka rasa iyaye, ko suka rabu da garuruwansu, su ne suka fi shiga haɗari, domin babu idon dangi a kansu.

Abubuwa uku ke hana magana fitowa. Na farko, rufin asiri: iyaye kan gwammace a sasanta a zaure don kada yarinya ta rasa mijin aure, mai laifi kuwa ya koma cikin gari abinsa. Na biyu, tsoro, musamman idan mai laifin ɗan uwa ne ko mai faɗa a ji. Na uku, nisa. Cibiyar Nana Khadija, wadda aka buɗe a 2020 don kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, tana Asibitin Ƙwararru ne a birnin Sakkwato. Maganin rigakafin cutar ƙanjamau kuwa sai an fara shi cikin awa 72, ga kuɗin mota, ga hanya babu tsaro.

Ya kamata ma'aikatar da ke kula da harkokin mata da yara ta fassara dokar cikin Hausa da Fulfulde, har da ajami, a raba wa makarantu da asibitoci. A sanar da kowane malamin makaranta da ma'aikacin lafiya ofishin da zai nufa, a kuma ɓoye sunan mai ba da rahoto. Asibitocin Wurno, Rabah da Goronyo su sami magani da ma'aikatan da aka horar. Hakimai, dagatai da limamai kuma su daina karɓar sulhu a kan fyaɗe, su miƙa maganar ga 'yan sanda. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.